Me Ya Sa Masu Zane Suka Daina Zana Abin Da Ido Ke Gani?

A watan Nuwamban 2024 aka yi gwanjon wata ayaba a birnin New York na Amurka. Ƙwaya ɗaya tak, an manna ta a bango da salatif mai ruwan toka, wani attajiri ya saye ta dala miliyan 6.2. Labarin bai kwana ba sai da ya zaga wayoyin Kano. Masu cewa za su je 'Yan Lemo su cika mota su nufi Amurka na yi, masu cewa kuɗi ne ya yi wa wasu yawa na yi. Duk suna da hujja. Sai dai ayabar nan ba daga sama ta faɗo ba. Tattaɓa-kunne ce ga wata jayayya da masu zane suka faro a Faransa kimanin shekara 160 da suka wuce, a kan tambaya guda: aikin mai zane shi ne ya kwaikwayi abin da ido ke gani, ko kuwa wani abu ne daban? Abin da masana ke kira zanen zamani, wato ayyukan da aka yi daga wajen 1860 zuwa wajen 1970, tarin amsoshin wannan tambaya ne, kuma kowane salo mai suna mai wuyar faɗa amsa ce guda daga cikinsu.

Sai mun san abin da aka yi wa tawaye tukuna. Tun ƙarni na 15, a birnin Florence na Italiya, Turawa suka daidaita wata dabara ta nuna nisa da kusa a kan shafi: abin da ke kusa ya girma, na nesa ya ƙanƙance, layuka duka su tafi su haɗu a ɗigo ɗaya can ƙarshen gani. Aka haɗa ta da sarrafa haske da inuwa, da shafe sawun buroshi har kada a ga inda hannu ya bi. Burin shi ne mai kallo ya manta cewa fenti ne a kan kyalle, ya ji kamar taga aka buɗe masa. Shekara 400 ana kan haka. A Faransa akwai makarantar gwamnati mai tsare wannan ƙa'ida, da wani baje koli a birnin Faris da ake kira Salon, wanda alƙalai ke tace abin da zai shiga. Wanda suka ƙi aikinsa, kasuwarsa ta mutu. Ma'aunin nan ba baƙo ba ne a wurinmu. Tsaya gaban masu zana hoton mutane da fensir ko fenti a cikin gari ka ji yabon da ake yi musu: "Kai, kamar ya yi magana!"

Abubuwa biyu suka girgiza wannan tsari. A 1839 aka bayyana wa duniya dabarar ɗaukar hoto ta Louis Daguerre. Abin da mai zane ke wata guda yana fama da shi, akwati ya fara yin sa a ɗan lokaci, kuma ya fi shi kamanni. Sannan a 1841 wani mai zane Ba'amurke, John Goffe Rand, ya ƙirƙiro kwanson fenti na kuza wanda ake matsawa a rufe. Kafin nan a mafitsarar dabba ake ƙulle fentin mai, da an huda sai ya fara bushewa. Da kwanson ya samu, mai zane ya iya saɓa kayansa ya fita bakin kogi ya yi aiki a gaban abin da yake kallo.

Waɗanda suka fara cin moriyar haka su ne Claude Monet da abokansa. A 1874 suka yi watsi da Salon suka shirya nasu baje kolin, kuma abin dariya, a tsohon shagon wani mai ɗaukar hoto da ake kira Nadar. A cikin kayan akwai wani ƙaramin zanen Monet na fitowar rana a tashar jiragen ruwa ta Le Havre. Idan ka matsa kusa da shi, ba ka ganin jirgi ko ruwa. Hazo ne mai ruwan toka da shuɗi-shuɗi, rana ɗan dunƙule ce mai ruwan lemo, haskenta a kan ruwa 'yan gajerun shafe-shafe ne a jere, kwale-kwale kuwa baƙin tabo ne da buroshi ya yi a taɓi biyu ko uku. Ka ja da baya, sai safiya ta tashi. Wani ɗan jarida, Louis Leroy, ya ɗauki kalmar da Monet ya sa wa zanen ya yi musu ba'a da ita, sunan ya bi su: Imfireshinizim, salon kama abin da ido ya tsinta a kallon farko, kafin ƙwaƙwalwa ta fara gyara. Sun bar sawun buroshi a fili, sun rage baƙin fenti a inuwa suna sa shuɗi da shunayya, domin sun lura inuwa ma tana da launi.

Ilimin launin da suka dogara da shi daga marina ya fito, kuma wannan ya kamata ya ja hankalin duk wanda ya taɓa leƙa karofin Ƙofar Mata. Michel-Eugène Chevreul masanin haɗa sinadarai ne da aka ba shugabancin sashen rini a masaƙar Gobelins ta Faris a 1824. Masaƙa suka riƙa kai masa ƙorafi cewa baƙin zarensa ba ya ciza. Ya bincika, ya tarar rinin lafiya lau. Matsalar maƙwabtaka ce: baƙi a gefen shuɗi ko shunayya wani abu ido ke gani, a gefen wani launi kuma daban. A 1839 ya fitar da ƙa'idar: launi na sauya kama gwargwadon wanda ke kusa da shi, kuma akwai launuka kishiyoyi, ja da kore, shuɗi da ruwan lemo, rawaya da shunayya, waɗanda ke ƙara wa juna kaifi idan aka jera su. Shi ya sa ranar Monet ke ƙuna a cikin hazon nan, alhali fentin da ya sa mata bai fi na kewayenta haske ba. Georges Seurat ya kai ƙa'idar maƙura. Ya daina gauraya fenti, ya riƙa jera ƙananan ɗige-ɗige na launi tsantsa ya bar wa idon mai kallo aikin gaurayawa. Babban zanensa na masu shan iska a tsibirin Grande Jatte ya ci shi daga 1884 zuwa 1886. Salon ɗige-ɗige ke nan, Fointilizim.

Daga nan hanya ta rabu biyu. Vincent van Gogh, ɗan ƙasar Holan, ya ɗauki launi ya mai da shi harshen abin da ke zuci. Yana lafta fenti da kauri har ya yi tudu da kwari, dabarar da ake kira imfasto, kuma sararin samaniyar daren da ya zana a 1889 murɗawa take yi: ba daren da ido ya gani ba ne, abin da ke cikin ransa ne ya fito. Magadansa sun yi yawa. A 1905 Henri Matisse da André Derain suka nuna zane mai fuska kore da itatuwa ja, wani mai sharhi, Louis Vauxcelles, ya kira su namun daji, aka samu Fobizim. A shekarar kuma wasu samari a birnin Dresden na Jamus suka kafa ƙungiyar da ta zama tushen Ekisfireshinizim, salon karkata siffa da gangan domin tsoro ko baƙin ciki ya bayyana.

Ɗaya hanyar ta Paul Cézanne ce, kuma ita ta fi tasiri. Dattijon nan ya shafe shekaru yana maimaita zanen dutse guda kusa da garinsu a kudancin Faransa, da tuffa a kan tebur. Ya lura cewa mutum ba da ido ɗaya a kafe yake kallo ba: kai na motsi, ido na yawo. Sai ka ga teburinsa ya ɗan karkato, bakin tulu an hango shi daga sama, cikinsa kuma daga gefe. Masu Salon suka ce bai iya ba. Ya rasu a 1906, shekara ta zagayo aka yi babban baje kolin ayyukansa a Faris, samari suka fito daga ciki da wani tunani.

A nan Afirka ta shigo labarin, ta ƙofar da ba ta da daɗi. Mulkin mallaka ya tara sassaƙe-sassaƙe da fuskokin katako na Afirka a gidajen tarihin Turai, wasu saye, wasu ganima, irin kayan fadar Benin da sojojin Ingila suka kwashe a 1897. A 1907 Pablo Picasso, ɗan ƙasar Sifaniya mazaunin Faris, ya shiga gidan tarihin Trocadéro ya ga irin waɗannan fuskoki. Ya ga masassaƙi ya mai da hanci tsini, ido rami, kunci fili, bai damu da kamanni ba, amma fuskar ta fi hoto kwarjini. A shekarar ya gama wani ƙaton zane na mata biyar a gidan karuwai, biyu daga cikinsu da fuskoki irin na sassaƙar nan, jikinsu duk kusurwoyi. Abokansa ma sai da suka razana. Daga baya ya riƙa musanta cewa ya ɗauki wani abu daga Afirka, amma zanen na nan a New York, kowa na iya dubawa. Masassaƙan da aka koya daga hannunsu kuwa, ba wanda ya rubuta sunansu a lokacin da ake kwasar kayan.

Picasso da Georges Braque suka haɗa darasin Cézanne da na sassaƙar Afirka, suka fito da Kiyubizim. Hanya mafi sauƙi ta gane shi ita ce ka tuna kwalin taliya. Idan yana tsaye, gefe uku kawai kake iya gani a lokaci guda. Ɓarke shi ka shimfiɗa a ƙasa, duk gefuna shida sun bayyana, amma ya daina kama da kwali. Haka suka yi wa goge da kwalba da fuskar mutum: gaba da gefe da sama duk a shafi ɗaya. Daga wajen 1909 zuwa 1912 suna farfasa abu har ya kusa ɓacewa, launinsu bai wuce ruwan ƙasa da ruwan toka ba. A 1912 suka juya. Picasso ya ɗauko ledar tebur da aka buga wa hoton saƙar kujera, ya manna ta a kan zane mai siffar ƙwai, ya zana kofi da yankan lemon tsami da haruffa uku a kai, ya kewaye shi da igiya ta gaske. Braque ya fara liƙa takardar ado ta bango. Wannan ne kolaj, dabarar liƙe-liƙe. Tagar nan ta shekara 400 ta rufe. Zane ya koma abu mai zaman kansa da ake haɗawa, ba hoton wani abu ba.

Saura taki ɗaya, a cire abin da ake zanawa gaba ɗaya. Wassily Kandinsky, ɗan Rasha da ke aiki a Munich, ya yi wannan hujja wajen 1911: kiɗa ba ya kwaikwayon kukan komai amma yana taɓa zuciya, me zai hana launi da layi su yi haka? Wata 'yar ƙasar Suwidin, Hilma af Klint, ta riga shi tun 1906, sai dai ba a san ayyukanta ba sai bayan rasuwarta da daɗewa. A 1915 Kazimir Malevich ya zana baƙin murabba'i a kan farin fili, ya rataye shi a kusurwar ɗaki ta sama, inda Kiristocin Rasha ke rataye hotunan ibada. Piet Mondrian ya taƙaita kansa ga baƙaƙen layuka na tsaye da na kwance, da ja da rawaya da shuɗi. Wannan shi ne zanen da ba kamanni, abstirak.

A ganina Bakano ya fi Bafaranshen 1915 kayan fahimtar wannan mataki. Ɗauko babbar riga mai aska takwas ka shimfiɗa. Dubi dogayen tsinayen nan da suka sauko ta ɓangaren aljihu, da da'irar tambari a ɗaya ɓangaren, da yadda aikin ya yi nauyi a hagu ya bar dama da sarari, amma rigar ba ta rinjaya ba. Ba wanda ya taɓa tsayar da mai ɗinki ya ce masa askar nan ba ta yi kama da ta wanzami ba. Abin da ake dubawa shi ne cikar zare, da tsabtar layi, da zaman fili da aiki. Haka zayyanar allon sauka, haka dagi da sauran zanen da magina ke fitarwa a fuskar soro a cikin birni. Idonmu ya saba hukunta siffa da launi ba tare da neman kamanni ba, kuma zancen da malamai suka daɗe suna yi kan zana abu mai rai na cikin abin da ya tura gwanintar masu hannu ta wannan ɓangare. Su ma Turawan sun leƙo nan. Matisse ya je Munich a 1910 ya kalli wani babban baje kolin kayan fasahar Musulmi, ya zauna a Tanja ta Maroko a 1912 da 1913. Paul Klee ya je Tunisiya a 1914, kuma daga tafiyar nan launinsa ya buɗe.

Amma kada mu yi saurin cewa ai mun riga su, a tashi taro. Akwai bambanci na gaske. Mai ɗinkin aska takwas gado ya karɓa, gwanintarsa ita ce ya cika ƙa'idar ya ƙawata ta. Malevich ƙa'ida ya fito rusawa, kuma yana so a san shi ne ya rusa. Zanen zamani ya ginu a kan sunan mutum ɗaya, da sa hannu, da sabon abu, kuma wannan ne ƙarfinsa, shi ne kuma cutarsa.

Cutar ta fito fili lokacin Yaƙin Duniya na Farko. A 1916 wasu masu zane da marubuta da suka guje wa yaƙi suka taru a wani gidan shaƙatawa a Zurich ta Suwizalan, suka ce wayewar da ta kai matasa miliyoyi ga halaka ba ta cancanci a yi mata ado ba, sai dai ba'a. Suka kira kansu Dada. A 1917 Marcel Duchamp ya sayi mazubin fitsari na tangaran a shago, ya kwantar da shi, ya sa hannu da sunan ƙarya, ya aika wa wani baje koli a New York wanda ya yi alƙawarin karɓar aikin duk wanda ya biya kuɗin shiga. Suka ƙi nuna shi. Ainihin kayan ma ya ɓata, hotonsa ya rage. Irin wannan shi ake kira tsintacce, abin da mai fasaha bai ƙera ba, zaɓa kawai ya yi. Tambayar Duchamp mai nauyi ce: me ke mai da abu fasaha, hannun da ya yi shi, ko ɗakin da aka ajiye shi, ko mutanen da suka yarda? Ayabar nan ta Maurizio Cattelan, ɗan Italiya, daga wannan tsatso take. Wanda ya saya takardar shaida da umarnin yadda za a manna wata ya biya, ayabar kuwa cinye ta ya yi a gaban 'yan jarida. Ni dai ina ganin tambayar ta yi daɗi a bakin Duchamp, domin a lokacin cizo take yi. Maimaita ta bayan shekara 100 a gidan gwanjo ciniki ne.

Daga tokar Dada Sureyalizim, salon fito da irin abin da ake gani a mafarki, ya tashi a 1924 ƙarƙashin marubuci André Breton, da tasirin nazarin mafarki na Sigmund Freud. Wasu cikinsu na barin hannu ya yi ta yawo a takarda ba tare da niyya ba. Max Ernst na ɗora takarda a kan katako ya goga fensir ya bi abin da ya fito. Salvador Dalí kuwa ya dawo da tsohuwar gwanintar kamanni ya zana abin da ba zai yiwu ba da ita, irin agogunan nan da suka narke na 1931.

'Yan Nazi sun tsani duk wannan. A 1937 suka tara ayyukan da suka ƙwace daga gidajen tarihin Jamus suka baje su a Munich don a yi musu dariya, da sunan lalatacciyar fasaha. Masu zane da yawa suka tsere, cibiya ta tashi daga Faris ta koma New York. A can, daga 1947, Jackson Pollock ya sauke kyalle daga kan katako ya shimfiɗa a ƙasa, yana zagaya shi da gwangwanin fentin gida da sanda, yana ɗigawa yana watsawa. A jikin wani aikinsa na shekarar har da ƙusoshi da tsabar kuɗi da guntun taba a binne cikin fenti. Abin da ke kan kyallen sawun motsin jikinsa ne. Mark Rothko ya bi ta wata hanya, manyan filayen launi biyu ko uku masu dishi-dishin baki. Sai Andy Warhol ya zo a 1962 da zanen gwangwanin miya 32 na kamfanin Campbell's, ya kuma koma buga hotunan fitattun mutane da dabarar nan ta matse fenti ta cikin raga, wadda masu buga rigunan siyasa da na 'yan makaranta ke amfani da ita a Kano har gobe. Fasahar fof ke nan, wadda ta ɗauki kayan talla da na kanti ta kai su bangon gidan tarihi.

Namu ɓangaren labarin ya fara ne a juye. Lokacin da Turai ke gudun kamanni tana neman sassaƙar Afirka, Aina Onabolu, haifaffen Ijebu-Ode a 1882, yana koyon zanen kamanni don ya ƙaryata masu cewa baƙar fata ba zai iya ba. Ya je Landan da Faris ya yi karatu, ya dawo ya matsa aka sa zane a manhajar makarantun Legas. A zamaninsa wannan ne tawayen. Tawaye na biyu a nan kusa da mu aka yi shi. A 1958, a Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Zariya wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar masu zane. Malamansu Turawa na koya musu ƙa'idar makarantun Ingila, su kuma suka ce kowa ya koma gida ya binciko zanen kakanninsa ya haɗa da dabarun da ya koya. Okeke ya koma ga uli, zanen jiki da na bango da matan Ibo ke yi, irin wanda mahaifiyarsa ta iya. Yawancinsu 'yan kudu ne, don haka kayan gidajensu suka fi tona. Zayyana da ɗinki da zanen soro, waɗanda ke kewaye da su a Zariya, a ganina har yanzu ba a ci rabin abin da ke cikinsu ba.

Wanda ya nuna yadda za a ci ɗan Sudan ne, Ibrahim El-Salahi, haifaffen Omdurman a 1930, ɗan malamin makarantar allo. Ya yi karatu a makarantar zane ta Slade a Landan, ya dawo gida a 1957 ya baje ayyukansa irin na Turawa a Khartum, mutanen gari ba su kula ba. Maimakon ya ce jahilai ne, sai ya shiga duba abin da suke ratayewa a ɗakunansu da abin da suke kira kyakkyawa: rubutun Larabci, da adon ƙwarya da fata da tabarma. Ya koma ga harafin da ya koya a allo, ya riƙa ja masa wutsiya, yana buɗe cikinsa, yana karya shi, har siffofi suka fara fitowa daga tsakanin layukan, launinsa kuma na ƙasar Sudan, ruwan ƙasa da baƙin tawada da ja mai duhu. Shi da abokansa aka sani da makarantar Khartum. A 1975 aka tsare shi a kurkukun Kober fiye da wata shida ba tare da shari'a ba, ya ci gaba da zane a ɓoye a kan guntayen takardar buhun siminti. A 2013 gidan Tate Modern na Landan ya shirya baje kolin ayyukan rayuwarsa, karo na farko da ya yi wa wani ɗan Afirka haka.